Ranar da Aka Zaunar da Ni a Laburare

Ban taɓa shan wuya a aikin gadi kamar makon tantancewa ba. Wata kwalejin horar da malamai nake gadi a Rano, farkon zuwan Shari'a. Aka ce in masu dubawa ba su ga laburare da ma'aikacinsa ba, za a rufe ta, ni kuma in koma gona. Ba mu da ko ɗaya. Mai kwalejin ya aro littattafai daga wata kwaleji a Kibiya, ya sa mini babbar riga da tabarau, ni da na tsaya a aji uku na firamare.

Na ce, "Alhaji, wannan ba ƙarya ba ce?"

Ya ce, "Malam, wa ya ce ka yi magana? Zama kawai za ka yi."

Na zauna tun hantsi har la'asar, wuyana ya ƙage. Wata Hajiya cikin masu dubawar ta leƙo, ta ce, "Kai, ga laburare na gaskiya, ko tari babu!" Aka bar mu a buɗe.

Washegari da sassafe na loda littattafan a akori-kura na nufi Kibiya, don can masu dubawar za su duba. Su ma 'yan Kibiyar ba su da ma'aikaci, sai na tafi da tabarau ɗin, na dai canza hula.