Ƙafar Kakana

Duk lokacin da na ɓare albasa, siririyar fatar nan ta manne mini a yatsa, sai ƙafar kakana ta faɗo mini a rai. Bari in gaya maka abin da ya haɗa su.

Shekarar da na shiga kwalej a Gaya, malamin kimiyya ya zo aji da albasa guda da madubin nan mai ƙara girman abu. Ya shimfiɗa fatar a kan gilashi, muka yi layi muna leƙawa da ido ɗaya. Na ga ƴan ɗakuna jere kamar tubali a bango. Ya ce kowane ɗaki ƙwayar halitta ce mai rai, tana ci tana numfashi, kuma mu ma da irinsu aka gina mu. Masu kama ɗaya su taru su zama tsoka ko fata. Waɗannan su haɗu su zama gaɓa, kamar zuciya ko ƙoda. Gaɓoɓi kuma su haɗa kai a kan aiki ɗaya, yadda zuciya da jijiyoyi ke kai jini ko'ina. Ni dai don jarrabawa na haddace.

Da damina ta kankama, ƙayar kifi ta soki kakana a babban yatsa, yana cikin ruwan shinkafarsa ta wajen Tunuga. Ko ji bai yi ba. Ciwon sukari ya daɗe da kashe masa jin ƙafa, shi kuwa yana ta cika baki wai tafinsa ya fi takalmin taya. Kakata ce ta ga jini a tabarma.

Ni aka ɗora wa wankin mikin, wai hannuna ba ya rawa. Kullum da safe in dafa ruwan gishiri, in yage tsohon zane, ruwan sama yana dukan kwanon ɗaki. Yatsan ya yi ja, ya rine, ya koma baƙi ƙirin. Warin kuwa har turaren wutar kakata ya gaza da shi. Ina wanki ina tuna ƴan ɗakunan nan: jini ya daina kai musu abinci, suna mutuwa a jere, mai jikin bai ma sani ba. Baƙin ya ci sauran yatsu, ya fara hawa idon sawu.

Babana ya kai shi asibiti. Lokotoro, wato likita, ya lalubi bugun jini a ƙafar, bai samu ba. Ya ce naman ya mutu, in aka bar shi guba za ta bi jini ta kai ƙoda da zuciya. Sai dai a tafi babban asibitin Doso a yanke ƙafar ƙasa da gwiwa.

Da suka dawo gida, kakana ya dubi babana. “Da ƙafa biyu aka kawo ni, da biyu zan koma,” in ji shi.

Babana ya durƙusa gabansa. “Baba, ƙafa ce kawai. Sauran jikin lafiyarsa lau.”

“Jikinka ne?”

Har limamin unguwa aka kira, ya ce addini bai hana ba. Tsoho ya yi masa godiya, ya juya fuska bango. Na ji haushinsa ƙwarai, kuma ba zan ɓoye maka ba, har yau haushin bai gama fita ba.

Daga nan sai jikin ya riƙa rushewa kashi-kashi. Zazzaɓi ya rufe shi. Fitsari ya ɗauke, fuska ta kumbura, numfashi ya koma sama-sama. Hankali ne ya tafi a ƙarshe, har yana kira na da sunan ƙanwarsa da ta rasu tun ba a haife ni ba. Shinkafa tana fitar da kai, kakana ya cika. An kai shi da ƙafafunsa biyu, yadda ya so.

Yanzu gari ya canza. Akwai abin gwada sukari a kantin magani, ɗigon jini ɗaya ya isa. Amma ciwon bai bar gidanmu ba, ya koma jikin babana. Bara yatsansa ya yi baƙi, baƙin ya fara hawa. Bai jira an roƙe shi ba.

“Ku yanke,” ya ce wa lokotoro. “Na ga ƙarshen wannan hanyar.”

Abu ɗaya ya nema: a naɗe ƙafar da farin ƙyalle a rufe ta kusa da kabarin tsohonsa. Ƙanena ya ɗauke ta a babur ya kai.

Kowace safiya nakan zauna gaban babana in duba ƙafar da ta rage, yatsa bayan yatsa, in buɗe tsakaninsu. Jiya ina cikin dubawa ya daɗe yana kallon inda ɗayar ta tsaya.

“Da Baba ya yarda,” ya ce, “da ya ga ƴaƴanki.”