Pyo Man-sik, Mai Tayar da Duwatsun Kabarin Wasu

Kwamitin maƙabartar ƙauyen Usuzaki ya ɗage zamansa zuwa ranar Asabar ba tare da ya yanke hukunci ba. Abin da ke gabansa shi ne ko za a ba Pyo Man-sik wurin kabari a kan tudun da maƙabartar take. Pyo ya rasu ranar Laraba, 19 ga Maris, yana da shekara sittin da bakwai, a rumfar da ake dafa ganyen teku a bakin tashar masunta. Likita ya ce zuciya ce. An ƙone gawarsa kamar yadda ake yi wa kowa, kuma ƙasusuwansa suna cikin farin tulu a ɗakin da 'yan cocinsu suke taruwa sujada. Ƙaninsa, Man-gu, ya zo daga Koriya domin ya tafi da tulun. Jirginsa ranar Lahadi ne.

Pyo-san, shekara goma sha uku ke nan da kai da matarka Ok Sun-rye kuka sauka a ƙauyen nan, lokacin da teku ya gama kwashe rabinsa. 'Yan agaji sun zo da yawa a wancan lokacin. Na yi hira da ɗaruruwansu don jaridarmu, kuma kafin sanyi na biyu duk sun koma gida. Ku cocinku ya aiko ku na wata shida. Da wa'adin ya cika, ka rubuta musu cewa ba ka gama ba.

Ba a karɓe ku da hannu biyu ba, kuma ba zan ce an yi ba. Ku 'yan Koriya ne, ga shi ku Kirista ne, a ƙauyen da kowane gida yake da rajista a haikalin Buddha tun kakanni. Mutane suna karɓar miyar da Sun-rye take rabawa, suna jiran ranar da za ku fito da abin da ya kawo ku. Iya Tome, wadda a lokacin ta haura saba'in, ita ce ta faɗa maka a fuskarka.

"Kai ɗan Koriya, in wa'azi ne ka yi mana yanzu mu huta. Miyar ta fara yi mana nauyi a ciki."

Ka ce mata, "Iya, ai ban iya yarenku ba tukuna. Ki ci kafin in koya."

Ka koyi yaren, har da irin na masunta wanda mu 'yan birni ba ma ganewa, amma aikin da aka san ka da shi ba na baki ba ne. Ruwa ya tumɓuke tsohuwar maƙabarta, ya watsa duwatsun kabari cikin gonaki da ƙarƙashin gidajen da suka rushe. Hukuma tana fama da rayayyu, ba ta da lokacin matattu. Kai ka samo baro da igiya da gungumen itace, ka shiga tono su ɗaya bayan ɗaya. Kana wanke laka, kana kai wa malamin haikali ya karanta sunan, sannan a tura shi sabon wuri a kan tudu. Damina biyu kana wannan. Kafaɗarka ta dama ba ta sake daidaita ba.

Duk da haka ba ka taɓa rusuna wa dutse ko ɗaya ba, ba ka taɓa kunna turaren wuta ba. Idan bikin tunawa da matattu ya zo a watan Agusta, kai kake share hanya, kai kake ɗora tsofaffi a bayanka zuwa saman tudu. Da sun haɗa hannu, sai ka ja da baya, ka cire hula, ka tsaya. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin raini. Kumagai-san, wanda yake shugabantar kwamitin maƙabarta, har yau yana cikinsu.

Akwai layin duwatsu a can ƙarshen tudun waɗanda ba wanda ya zo ya ce nasa ne, domin gidajensu sun ƙare gaba ɗaya. Su ka fi kula da su. Na taɓa tambayarka dalili, ka daɗe kana cire ciyawa kafin ka amsa. Ka ce an kawo kakanka ƙasar nan lokacin yaƙi, an sa shi haƙar kwal, kuma bai koma ba, ko ƙashinsa. Ka ce a tudun danginku akwai kabari da sunansa, amma babu kowa a ciki. "Wataƙila yana wani layi irin wannan," in ji ka. "Wataƙila wani yana share masa." Ka roƙe ni kada in buga. Ban buga ba sai yau, da izinin matarka.

Kai ne ɗan fari a gidanku. Kai ya kamata ka riƙa yanke ciyawar kabarin mahaifinku kowace kaka, ka shimfiɗa abincin tunawa da shi, ka fara rusunawa kafin kowa. Tun da ka zama Kirista ka daina rusunawar, da ka zo nan kuma ciyawar ma ta koma hannun Man-gu. Dangi sun ɗora laifin a kan Sun-rye, wadda ta fara kai ka coci. Sau ɗaya Man-gu ya ziyarce ku, shekara bakwai da suka wuce. Ya kawo muku barkono da shinkafar gonarsu, kuka kai shi tudu don ya ga aikin. Ya duba duwatsun, ya duba hannuwanka.

"Yaya, ashe kana da ƙarfin gyara kabari," ya ce. "Na ɗauka bayanka ne yake ciwo."

Washegari ya tafi. Kun ci gaba da gaisawa ta waya a ranakun biki, gaisuwar da ba ta wuce tambayar lafiya.

Ranar Asabar da ta wuce, a gidan ƙona gawa, aka kira dangi su shiga tsintar ƙashi. Ma'aikacin ya miƙa dogayen tsinkuna irin na cin abinci, ya yi bayani cewa mutum biyu ne za su kama kowane ƙashi tare, su sa a tulu, daga ƙafa zuwa kai. Allah bai ba ku haihuwa ba, don haka abokin kamawar Sun-rye shi ne Man-gu. Ita ce take fassara tsakaninsa da mutanen ƙauye a duk kwanakin nan, kuma na lura ba ta rage ko kalma ɗaya, har wadda take sukarta.

Man-gu ya kalli tsinkunan, bai karɓa ba. "Da abin cin abinci? Yayana kifi ne?"

"Baban Ji-hun," in ji ta, tana kiransa da sunan ɗansa, "ni kaɗai ba a yarda in ɗaga ba. Ka kama mini."

Bai motsa ba. Iya Tome, wadda ba dangi ba ce amma ba wanda ya iya hana ta shiga, ta buga sandarta a ƙasa. "Ki ce masa in ba zai iya ba ya matsa. Ƙauye guda ne a waje yake jiran a ba shi tsinken nan."

Sun-rye ta faɗa masa. Sai ya karɓa. Ƙashin farko ya kusa kuɓuce musu, ta sassauta nata riƙon har nasa ya daidaita. Haka suka bi ka har zuwa kai, ba wanda ya kalli wani. Da aka zo kan ɗan ƙashin maƙogwaro, wanda ake sawa a ƙarshe, ma'aikacin ya yi tambayar da yake yi wa kowa: a haɗa shi da sauran, ko a ware shi a ƙaramin tulu? Man-gu ya ɗora tafinsa a bakin tulun.

"Duka," ya ce. "Ƙashin kakanmu yana wani rami a ƙasar nan, ba mu san inda yake ba. Ba za mu bar muku na biyu ba." Ya juya ga Iya Tome. "Kuma in na bar shi, wa zai kula da kabarin?"

"Mu."

"Ku? Iya, ƙaraminku nawa ne shekarunsa?"

Wannan ne karo na farko da na ga bakin Iya Tome ya mutu. Tambayar gaskiya ce, kuma duk wanda yake wurin ya san haka.

A doka, Sun-rye ce mai cewa a yi ko a bari. Ta shaida mini ba za ta yi amfani da wannan ba. Ta ce dangi sun yi shekara arba'in suna cewa ta raba ka da su kana raye, ba za ta ƙara da mutuwa ba. Ta kuma ce inda kake nan za ta zauna. Idan tulun ya tafi duka, za ta bi shi, ɗakin girkinta da yake ciyar da tsofaffin da suke zaune su kaɗai kuma zai rufe. Idan wani abu naka ya rage a tudu, za ta tsaya.

Ko da Man-gu ya yarda, sai kwamiti ya yarda. Ƙa'idar maƙabartar ta ce sai mai rajista a haikali. Malamin haikalin ya ce shi ba ya da ja. Kumagai-san ya ce ba ya musun aikinka, amma ba ya ganin yadda za a kwantar da mutum a tsakiyar waɗanda ya ƙi rusuna musu. An tuna masa cewa dutsen mahaifiyarsa a bayanka ya hau tudun. Ya ce ya sani, kuma shi ya sa bai ce a'a ba tukuna. A nan zaman ya watse.

Pyo-san, ba ka bar wasiyya a kan wannan ba. Mutumin da ya yi shekaru yana neman wa kowa wurinsa bai faɗi nasa ba. Ba zan yi maka ƙarya in ce na san abin da kake so ba. Abin da na sani shi ne ka bar naka tudun da ciwo a zuciya, ka kuma riƙe namu da gaskiya.

Ubangijin da ka bauta wa ya ji ƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya ba ka hutun da ba ka ba kafaɗarka ba. Ina miƙa ta'aziyya ga Ok Sun-rye, ga Pyo Man-gu da ɗansa Ji-hun wanda ciyawar tudun za ta koma hannunsa wata rana, ga 'yan'uwanka na sujada, da mutanen Usuzaki baki ɗaya. Allah ya ba su haƙuri, ya kuma sa abin da za a yanke ya zama wanda kowa zai iya rayuwa da shi.

Ranar Talata da safe Sun-rye ta faɗa wa Man-gu abin da ka ce game da kakanku. An gan shi bayan haka a ƙarshen tudu, wajen layin duwatsun da ba su da kowa, ya daɗe a tsaye. Jiya wani ma'aikacin gidan jana'iza ya ce mini wani baƙo ɗan Koriya ya zo ya tambayi ƙaramin tulu. Na tuntuɓi Man-gu ta bakin Sun-rye. Ya ce ba shi da abin faɗa kafin Asabar.