Ni Na Kai Ɗana Wajen 'Yan Sintiri

A shekarun da hanyar Birnin Gwari ta fi lalacewa, ni ce matar da ba a gifta ƙofar gidanta ba ta gani ba. Mijina ya rasu, ina sayar da daddawa a unguwar Magajin Gari, ban taɓa shiga aji ba. Wannan ma ƙanwata ce take rubuta mini. Ina taƙama da idona, kowa a unguwa ya san ba na ɗaga wa yaro ƙafa, ko da nawa ne.

Autana ya gama karatun kwamfuta a Zariya ya dawo gida. Maimakon neman aiki sai ya tare a zaure yana danne-danne, in sabis ya ɗauke ya hau tudun bayan gari. Da na matsa masa, ya ce manhaja yake haɗawa wadda manoma za su riƙa sanar da juna hanyar da take lafiya kafin su fita gona, daga Tabanni har Gwaska. Ya ce harsashin da yake ɗora aikin a kai, mutane ne daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suka gina, suka bar shi a buɗe, kowa ya ɗauka kyauta, wanda ya ga ɓaraka ya gyara ya mayar. Sau ɗaya zai rubuta, ta yi aiki a waya da kwamfuta. Wai kamar gayya. Na ce masa a gayya kowa ya san fuskar ɗan'uwansa, kuma ana cin tuwo, to su waɗannan me suke ci? Ya yi dariya kawai.

Lokacin kuwa ana ta kama masu kai wa 'yan daji labari. Ga yaro yana tambayar mutane wace hanya suka biyo, yana hira da waɗanda bai taɓa gani ba, yana cewa aikinsa kowa na iya leƙawa. Allah shaida ban zarge shi ba. Tsorona kada a yi amfani da shi bai sani ba. Sai na je wajen shugaban 'yan sintirin unguwarmu, aminin marigayi mijina, na roƙe shi ya ja masa kunne a matsayin uba.

Ban yi tunanin cewa abin da ya fito daga bakin uwa shaida za a ɗauke shi ba. 'Yan sintirin suka zo suka tafi da shi a gaban jama'a, suka fasa kwamfutar, suka karya masa yatsun hannun dama. Sai da wani malamin sakandare ya je ya yi musu bayani suka sake shi. Na ɗumama ruwa zan gasa masa hannun, ya janye, ya dube ni ya ce, "Inna, sun ce ke kika faɗa." Na kasa cewa ƙarya ne.

Da hannun ya ɗan warke ya tafi Kaduna. An ce aikin bai mutu ba, tunda a buɗe ya ajiye shi, wasu sun ɗauka sun ci gaba. Shi dai bai sake tako garin nan ba. Da Sallah yakan kira ƙanwata ya ce ta gaishe ni, in ta miƙo mini wayar sai in tarar ya kashe.

Iyaye 'yan'uwana, rashin sani ba laifi ba ne, laifina shi ne na ji kunyar in ce wa ɗan da na haifa ban gane ba, ya sake mini bayani. In ɗanki yana abin da ya fi ƙarfin kanki, ki zauna kusa da shi ki yi ta tambaya har ya gaji. A garin da tsoro ya cika, kada ki kai sunansa bakin kowa, don ba ke za ki yanke abin da za a yi da shi ba.