Matar Da Ta Tashi Ratu Daga Kujerarsa

Shekara ashirin da uku ke nan, kullum kafin motar farko ta iso daga garin Nausori, Salanieta Rokotuni ta riga ta jera takardu a teburin daraktocin kamfanin jiragen ruwanmu na birnin Suva. Sakatariyar kamfani ce. Ba ta da ƙuri'a, ba a sa hotonta a rahoton shekara. Ni da na zuba kuɗin sallamata na koyarwa a hannun jarin kamfanin, sai bara na san wa ke tsare mini barcina.

Hirdesh Lal, ɗaya daga cikin daraktocin, shi ya ba ni labari. An zo batun sayen tsohon jirgi daga hannun ƙanin Ratu Peniasi, basaraken da ke shugabantar daraktoci. Doka ta ce mai alaƙa da ciniki ya fita kafin a tattauna. To, wa zai ce wa basarake ya tashi? A ƙauyensu, Salanieta ko tsayuwa ba ta isa ta yi a gabansa ba. Manyan nan masu kwat duk suka duƙufa nazarin farcensu.

Ta ajiye biro, ta durƙusa, ta tafa sau uku yadda ake yi wa manya.

"Ranka ya daɗe, a gida ni 'yarka ce. Amma muddin kana zaune, hannuna ba zai rubuta an amince ba."

"Ke yarinyar nan, korata kike yi?"

"Roƙo nake, Baba. Shayi na nan waje da zafinsa."

Hirdesh ya ce mini shi dai a ransa ya gama yi mata sallama da aiki. Sai Ratu ya ɗauki sandarsa ya fita. Ana rufe ƙofa bakin kowa ya buɗe. Aka tura masu bincike, suka tarar tsatsa ta cinye cikin jirgin. Da an saya, da ribar shekaru ta nitse, har da ɗan abin da nake sayen maganin hawan jini da shi.

Ke ce kika riƙe ladabi da gaskiya, Salanieta, ba ki saki ko ɗaya ba.

Ran Juma'a za ta yi ritaya, kuma da na ji sai gabana ya faɗi. Hirdesh ne ya kwantar mini da hankali. A taron watan jiya batun ciniki da surukin wani darakta ya taso. Tun kafin Salanieta ta ajiye biro, Ratu da kansa ya nuna wa daraktan ƙofa: "Tashi, malam. Ni ma an tashe ni, ban mutu ba."

Mun gode, Salanieta. Duk mai riƙe da biro a irin ɗakin nan, in al'ada ta ce ya durƙusa to ya durƙusa, amma kada ya rubuta abin da ba haka ba.