Yatsun Malam Shitu

Shekara talatin da ɗaya, da an sallame asuba Malam Shitu ke turo tsohon motonsa mai ƙafa biyu daga lungun Zango, ba ya tayar da shi sai ya kai bakin titi, kar ya tashi jariran maƙwabta. Ɗakin aikinsa can yake bayan asibiti, inda ko masu dubiya ba sa ɓatan kai su je. Tebur ɗaya, wuƙa, da kwalaben formol, ruwan hana nama ruɓewa, mai sa ido hawaye. Duk abin da likita ya yanko a jikin mutum, wurinsa ake kaiwa. Da rana ya sayi benga, wake da shinkafa, ya ci shi kaɗai a bakin taga, don abokan aiki sun ce rigarsa na wari. A unguwa wasu sun ɗauka gawa yake fiɗa. Wurin suna sai ka ga tabarma ta yi fili a gefensa. Abokansa sun watse tun da aka yi rusau a unguwar Kuluba, matarsa Hauwa'u kuma ta riga shi gidan gaskiya.

Ni Illiya Maikamiyo nake faɗa, 'yata Rahama na rubutawa. Ni ne na yi shekara arba'in ina tuƙa babbar mota tsakanin Lome da Agadas ban iya karanta allon hanya ba, kuma ban taɓa ɓata ba. Ciwon daji ya kama ni a ƙarshen hanji, wurin da dattijo ba ya son ambata. Mako biyar ana gasa ni a na'ura, ban ce wash ba, sannan aka yanke. Na koma majalisa na ce, "Ciwo ya gamu da ubansa!" Har na sa a nemo rago.

Ashe hanjina na kan teburin Shitu. Aikinsa ya laluba kitsen da ke kewaye da shi, ya tsamo 'yan kaluluwa, irin masu kumbura a hammata, likita ta duba su a madubi mai ƙara girman abu. In ciwon ya fara yawo, cikinsu yake fara sauka. Goma sha biyu ake so. Amma wutar na'ura kan ƙanƙance su har su koma ƙwayar gero. Ya samu tara, duk lafiya lau.

Likitar ce ta ba ni labarin da bakinta. Ta ce masa, "Baba Shitu, bayan gashin na'ura, tara ma ba laifi. Ga kwalabe na jira."

"Dokta, yatsana bai yarda ba. Ba ni zuwa gobe."

"Kai da yatsan nan naka! To, gobe."

Ya koma ya yanyanka kitsen siri-siri, yana murzawa, ido na zuba. Ya tsamo huɗu. A cikin ta ƙarshe ciwon yake kwance.

Aka ce sai na ƙara wata huɗu na shimiyo, maganin nan mai mayar da tuwo ƙasa a baki. Na ɗauki sandata har bayan asibiti.

"Kai ne mai tonon abin da Allah ya rufe? Na gama gaya wa duniya na warke!"

"Alhaji, Shi ne ya nuna mini. Ka daure ka sha."

"Mai warin gawa kawai!"

Kujera ya jawo mini.

Na sha maganin. Yau shekara huɗu, hoton asibiti fes, ina cin nama kamar saurayi. Likita ta ce da an tsaya a tara, da an sallame ni da abin a ɓoye.

Watan jiya ya yi ritaya. Ba taro, ba jawabi; kofinsa ya ɗaure a bayan moto ya taho. Ni da ban taɓa durƙusa wa jandarma ba, na je ƙofarsa na durƙusa na nemi gafara.

Ya yi dariya. "Tashi, Alhaji. Duk zamana a ɗakin nan, kai kaɗai ne mara lafiyan da ya taɓa zuwa wurina. Ko zagin ma na ji daɗinsa."

Malam Shitu, kai ne mai ido a yatsa. Kai ne ka yi wa dubban mutane aiki ba su san sunanka ba. Na gode, Allah ya saka. Ku yaran da kuka gaji teburinsa, kar ku rufe kwalba don kun gaji. Ku kuma mutanen Zango, bayan la'asar yana zaune a ƙofar gidansa, ba kowa. Ku je ku ba shi hannu.