Ƙaryar da na yi wa Bulus

Ƴan'uwa, wata takwas ke nan ba ku ji ni ba. Waɗanda suka kira ban ɗauka ba, ku yi haƙuri.

Da tari aka fara. Na ce ƙura ce, wa ba ya tari a Arlit? Sai zazzaɓi, sai rama. Ranar da na tofar da jini, matata Rahila ta ɗora ni bisa babur ɗin kabu-kabu sai asibiti.

Aka yi mini radiyo, wato hoton ƙirji, aka gwada kaki. Likita ya ce, "Tarin fuka ne. Wata shida kana shan magani, kar ka tsallake ko kwana guda." Maganin kyauta ne, amma gwaji da abinci sun cinye awaki biyun da fari ya bar mana.

Aka kwantar da ni. Na gadon kusa da ni, a lulluɓe aka fitar da shi.

Ba mutuwa ce ta fi ba ni tsoro ba. Lokacin da kamfanin da nake wa tuƙi ke rage ma'aikata, na gaya wa shef, shugabanmu, cewa Bulus, direba abokin aikina, yana satar man gazuwal. Ƙarya ce. Aka kore shi, aka bar ni. Ya koma jigila kan hanyar Agadez, ƴan tawaye suka tare motarsa, suka kashe shi. Har da ni cikin masu ɗaukar akwatin gawarsa.

Da Fasto ya zo dubiya na faɗa masa duka. Na ce, "Baba, hukunci ne Allah ke yi mini."

Ya ce, "Huhunka ba zai biya zunubinka ba, Yesu ya riga ya biya. Ka tuba, Allah zai gafarta maka. Amma matar Bulus tana da rai. Ka je."

Da aka sallame ni na je, na durƙusa gaban Saratu, matar Bulus. Na faɗa mata gaskiya. Ta ce, "Shekara uku ana ce wa ƴaƴana ɗiyan ɓarawo. Allah mai gafara ne, na sani. Ni ban kai nan ba tukuna. Je ka faɗa gaban jama'a."

Ran Lahadi na tsaya cikin majami'a na faɗa. A nan ma ina faɗa: Bulus bai saci komai ba.

Gwajin ƙarshe ya nuna na warke. Na gaskata Allah ya gafarta mini. Saratu har yau ba ta amsa gaisuwata, ban kuwa ga laifinta ba.

Na gode wa Ubangiji, da Rahila, da ma'aikatan asibiti.

In tari ya daɗe maka, je a gwada ka, ka kuma shanye maganinka. In akwai wanda ka zalunta, same shi tun yana da rai. Ni matarsa kawai na tarar.