Pan Bogumil da Sojojinsa Masu Ido

A ƙungiyarmu ta masu yaƙin tebur a birnin Lublin, ba wanda bai san Pan Bogumil ba, wato Malam Bogumil a harshen garin, tsohon direban bas ɗin nan mai sanƙo. Wasan namu dai, sojojin dalma muke jerawa, kowanne bai kai ɗan yatsa ba, a jefa ɗan lido, wanda aka kashe a ɗauke shi daga tebur. Shi ƙaramin wasa yake yi, na 'yan sojoji kaɗan, kowanne da sunansa da halinsa. Har da wani sojan da Bogumil ya ce matarsa ta gudu ta bar shi.

Masu babban wasa kuwa ba sa zana wa soja ido. Ɗaruruwa ne, a shafa musu fenti a wuce. Na daɗe ina zaton lalaci ne kawai.

Bara, Danuta, wadda ke jagorantar ɓangarenmu, ta rasa mai tsare gada a babban yaƙinmu da 'yan garin Zamość. Ta ba Bogumil runduna guda ya yi mata fenti ya jagoranta. Ya dawo da ita kowane soja da idanunsa, wasu har da gashin baki.

"Wayyo Kawu, me ka yi?" in ji Danuta. "Waɗannan fa na kashewa ne!"

"To makafi zan kai yaƙi?"

Ran Asabar aka gwabza. Dawakan abokan gaba suka nufo gada. In rundunarsa ta hau ta tare su, za a share ta kaf, amma mu ci yaƙin. In ta ja baya, mun faɗi.

"Tura su, Kawu!" in ji Danuta.

Ya sunkuya, haɓarsa a bakin tebur, yana dubansu ɗaya-ɗaya.

"Na gaban nan bai daɗe da aure ba."

"Dalma ce fa! Sati mai zuwa zai sake fitowa garau!"

"Na sani mana, 'yar nan. Ni yaro ne?"

Ya sani ɗin kuwa, abin da ya fi ɗaure mini kai ke nan. Ya ɗauki tef ɗin da muke auna tafiyar sojoji da shi. Sai ya miƙo mini, ya ce in tura su, shi zai je ya dafa shayi.

Na tura su, aka share su, muka ci yaƙin. Da ya dawo bai ko tambayi wa ya yi nasara ba. Ya zauna yana kwantar da matattunsa cikin akwati a hankali, ya hana kowa taya shi.